Kafin Ku Kira Masu Yankan Ƙarfe: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Wuraren Wasa

Zuwa ga masu wuraren wasa da shaƙatawa, da manajojinsu, da shugabannin sashen gyara a duk inda suke.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku.

Ni tsohon makanike ne. Mafi yawan shekarun ƙarfina a ƙarƙashin jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo na ƙarar da su, wanda duniya ta sani da rola-kosta, ni kuwa a wannan takarda zan riƙa ce masa jirgin gangara. Ba na cikin waɗanda ake ɗauka hoto ranar buɗe sabon abu. Mu ne masu shigowa tun da asuba mu tattara kayanmu kafin a buɗe ƙofa, in kuka ga an neme mu da rana tsaka to wani abu ya tsaya. Yanzu gwiwa ta hana ni hawa, sai zama da kallo, shi ya sa na sami sukunin rubuto muku.

Abin da ya tayar da maganar shi ne bidiyon ranar 28 ga Fabrairun 2025, lokacin da aka sa wa jirgin gangaran nan Kingda Ka nakiya a jihar New Jersey ta Amurka. Hasumiya mai tsayin mita 139, wadda tun buɗe ta a 2005 babu jirgin gangaran da ya kamo ta tsayi har ranar da aka rufe ta, ta kwanta cikin 'yan daƙiƙu. Faɗuwar ba ta girgiza ni ba. Ƙarfe ne, kuma duk wanda ya yi aiki da ƙarfe ya san yana da wa'adi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka rufe jirgin a Nuwamban 2024, sai bayan fasinjojin ƙarshe sun sauka sannan aka fito aka tabbatar wa jama'a cewa shi ke nan. Ƙurar da na ga ta tashi kuma ta tuna mini ranar da aka rushe namu.

Bari in fara da abin da ba na roƙo, don kada ku ajiye takardar tun daga nan. Ban ce kada ku rushe kome ba. Na san wurin wasa kasuwanci ne, fili yana da iyaka, masu inshora ba su san sabo ba, kuma akwai lokacin da kamfanin da ya ƙera jirgi zai mutu ya bar ku da neman kayan gyara ido rufe. Kamfanin Arrow Dynamics, wanda ya cika wuraren wasa da jiragen ƙarfe masu juya mutum kai ƙasa a shekarun 1970 da 1980, ya durƙushe a farkon shekarun 2000. Akwai kuma jirgin da tun ran gini aka sami matsala, irin Son of Beast na wurin wasan Kings Island da ke Amurka, wanda aka buɗe a 2000, ya yi ta wahalar da mutane, aka rufe shi a 2009, aka rushe a 2012. Ba na jin akwai makaniken da ya zubar masa da hawaye. Maganata a kan yadda ake riƙe jirgi yana raye take, da abin da ake bari a baya idan ya mutu. A wurina hali ɗaya ne yake haifar da duka biyun.

Da yawa daga cikinku ba ku taɓa bin dogo da ƙafa ba, ba kuwa laifinku ba ne, kowa da aikinsa. To ku ba ni dama in ɗan zagaya da ku. Dogon jirgin katako ba gungume ɗaya ba ne. Falle-fallen katako ake jerawa bisa juna, kamar bakwai ko takwas, a ɗinke su da ƙusa, na saman su ɗan fi faɗi su yi leɓe, sannan a shimfiɗa siririn ƙarfe a inda taya za ta bi. Tarago kuma tayoyi iri uku gare shi: ta sama mai ɗaukar nauyi, ta gefe mai hana shi kaucewa a lanƙwasa, da ta ƙasa mai kama leɓen dogo ta hana shi tashi sama idan ya zo ƙoƙuwar tudu a guje. Mu biyu muke fita, ɗaya dama ɗaya hagu, kowa da guduma da sufana a ɗamara, raɓa ta jiƙa katako yana santsi. Kowane noti sai ka ƙwanƙwasa shi. Wanda ya ɗauru ƙararsa a tsaye take, ƙau. Wanda ya saki kuwa sai ka ji ɗif, kamar ka bugi buhu. Ido ma da nasa aikin. In ka ga jan gari kamar na bulo ya taru a ƙarƙashin noti, motsi yake yi a duk lokacin da jirgi ya wuce. In ka ga baƙin layi ya gangaro daga ramin ƙusa, ruwa ya shiga ciki, kuma katakon da ke da kyau a ido zai iya kasancewa ya zama auduga a tsakiya. Sai ka soka masa tsinke ka ji.

Sannan ka zo kan tudun farko, inda sarƙa ke jan jirgi sama. Wannan ƙas-ƙas-ƙas ɗin da fasinja ke ji zuciyarsa na bugawa, wanda wasu ke zaton don ban tsoro aka yi shi, wani harshen ƙarfe ne a ƙasan tarago yake faɗawa kan jerin haƙoran da ke kwance a gefen dogo. In sarƙa ta tsinke ko wuta ta ɗauke, shi zai cije ya hana jirgi komawa da baya. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa wannan harshe sai ya shekara a gareji. Ranar da na tambaye shi dalili, labarin Battersea ya ba ni. A ranar 30 ga Mayun 1972, a wurin wasan Battersea da ke Landan, jirgin Big Dipper ya kuɓuce daga igiyar da ke jan sa sama, abin hana shi komawa baya bai riƙe ba, ya gangaro da baya ya kauce. Yara biyar suka rasu. Wurin wasan bai ƙara farfaɗowa ba, bayan shekara biyu aka rufe shi.

Kada a ce wannan labarin katako ne da zamanin da. A ƙarshen Yunin 2023 wani baƙo ne, ba ma'aikaci ba, ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyon tsaga a saman ɗaya daga cikin ginshiƙan Fury 325 a wurin wasan Carowinds na Amurka, jirgin ƙarfe mai tsayin mita 99, ana ganin ginshiƙin yana buɗewa duk lokacin da taragai suka wuce cike da mutane. Allah ya kiyaye, aka rufe, aka canja ginshiƙin, aka sake buɗewa a watan Agusta. Ƙarfe ya fi katako ɓoye ciwonsa. Shi ya sa ake sauke taragai a warware su ɗaya bayan ɗaya lokacin hutu, a shafa wa walda wani jan ruwa, a goge, a fesa farar hoda, in akwai tsagar da ido ba ya gani sai ta fito siririya ja kamar zare. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, ba ya kuma ƙara ko fasinja ɗaya, don haka shi ne farkon abin da alƙalami ke faɗawa kansa idan ana rage kashe kuɗi. Na sha zama a irin wannan taro. Sabon fenti a ƙofar shiga ba ya shan wahalar samun sa hannu, amma ka nemi ƙarin mutum ɗaya a masu bin dogo sai a ce a bari sai baɗi.

Duk abin da muka gani da asuba a littafi yake ƙarewa. Namu manyan rajista ne masu baƙin bango, gefensu ya sha giris. In ka buɗe na baya za ka ga rubutun mutanen da ba ka taɓa gani ba. Wani ya rubuta cewa ginshiƙi kaza yana shan ruwa bayan kowane ruwan sama, a riƙa duba gindinsa. Wani ya lura lanƙwasa ta uku tana cin tayar gefe ta hagu fiye da ta dama, bayan shekaru wani ya gano dalili, ƙasa ce ta ɗan zauna a wurin. Injiniyan da ya zana jirgi ya san yadda ya kamata ya kasance, littafin nan kuwa shi ya san yadda yake. Waɗanda suka bi binciken hatsarin Thunder River Rapids na Dreamworld a Ostareliya, inda mutum huɗu suka rasu a Oktoban 2016, sun ji yadda mai binciken ya caccaki sakacin ajiye bayanan gyara, kuma famfon da ya jawo abin ya riga ya tsaya har sau biyu a wannan ranar. Ba jirgin gangara ba ne, na ruwa ne, amma ciwon iri ɗaya ne: abu yana ta yin magana, babu inda ake tara maganar tasa har wani ya karanta ya ce a tsaya. Sauran duk ihu ne bayan hari.

To ga yadda namu ya ƙare. Ba zan faɗi sunan wurin ba, mutanen kirki ne kuma wasunsu suna raye. An gaya mana a farkon mako cewa an yanke shawara, kafin mako na biyu ya fita katapila ta iso. Katakon da muka yi shekaru muna lallashi, kwana huɗu ya ishe ta. Taragai aka jere a bayan gareji, 'yan gwangwan suka zo da wutar yanka, a kan sikeli aka yi cinikinsu. Wannan duk na haɗiye. Amma da safiyar kwana na biyar na shiga ɗan ofishinmu na tarar an share shi tas, za a mai da shi sito. Na tambayi yaron da ke shara ina kwalayen da ke kan kanta, ya nuna mini motar bola. An yi ruwa da dare. Na hau na tona, kwali uku ne, rajistar shekaru da zanen jirgin na asali da aka naɗe cikin bututun kwali, duk sun jiƙe sun manne, tawada ta narke ta zama shuɗin ruwa. Littafi biyu kawai na tsira da su, waɗanda suka faɗa ƙarƙashin wata leda. Da zan fita na ga tayar ƙasa guda ɗaya a yashe kusa da sikeli, na sunkuya na ɗauka na sa a jaka, babu wanda ya ce mini don me.

Na daɗe ina jin haushi kafin in gane babu wanda ya yi mugunta. Takardar kwangila ta ce a share fili, aka share. Babu layi ko ɗaya a cikinta da ya ce a ware kaza, babu kuma mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin tambaya. Nan ne gyaran yake, kuma ba shi da tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kuka zauna kuka yanke cewa jirgi zai tafi, a wannan zaman ku sa sunan mutum ɗaya daga sashen gyara, ku ba shi mako biyu da alli a hannu, ya zagaya ya yi wa abin da za a ajiye alama, a kuma rubuta shi cikin kwangilar rushewa kafin ɗan kwangila ya yi lissafin nauyin ƙarfensa. In ya riga ya lissafa, kowane kilo da kuka cire rigima ce.

Ku dubi jirgin katakon nan Phoenix na wurin wasan Knoebels a jihar Pennsylvania. A 1947 aka gina shi a San Antonio ta Teksas da sunan Rocket, wurin wasan ya mutu a 1980, jirgin ya zauna. Da mutanen Knoebels suka saye shi babu zanen asali, sai da aka bi katako ɗaya bayan ɗaya ana sa masa lamba kafin a kwance, aka loda a manyan motoci, aka sake harhaɗa shi a wata jiha mai nisa, ya buɗe a 1985. Har yau masu sha'awar jiragen katako suna sa shi a sahun gaba. Ana ba da labarin a matsayin jarumta, kuma jarumta ce, amma ni abin da nake ji a ciki shi ne wahalar da ɓatan 'yan takardu ta jawo. Comet ma haka ya yi ƙaura, daga Crystal Beach ta Kanada, inda aka gina shi a 1948 da wani ɓangare na ƙarafan tsohon Cyclone na wurin, zuwa wurin wasan Great Escape a jihar New York, ya koma aiki a 1994 bayan ya yi shekaru a ajiye. Waɗannan sun rayu ne saboda an kwance su da sufana maimakon a yanka su da wuta.

Ba kowane jirgi ne zai sami irin wannan rabo ba, na sani. Galibi gutsure ne zai rage, to wane gutsure? A nan nake da saɓani da masu talla. Su abin da ya fi girma da ɗaukar ido suke zaɓa, allon suna ko kan tarago na gaba, a wanke shi a yi masa sabon fenti har ya fi ranar da aka kawo shi ƙyalli. Ban ƙi ba, a ajiye. Amma ku haɗa da abin da ya ci wuya: tarago ɗaya cikakke da ƙasansa, ba ƙoƙon sama kaɗai ba, da tayoyinsa yadda suka cinye, da guntun dogo daga lanƙwasar da ta fi ba da wahala, da hannun birkin da tafin ma'aikata ya goge har ya yi santsi, da ɗan yankin sarƙa da harshen nan mai ƙas-ƙas. Tayar da na ɗauka tana nan kan teburina. Gefenta ɗaya ya zaizaye ya yi kwari, ɗayan kuwa kamar sabo. Duk yaron da na ɗora wa ita a hannu na ce ya gaya mini abin da ya gani, in mai kai ne cikin minti biyu zai ce dogon ya karkata. Babu allon aji da zai koya masa wannan da sauri haka.

Akwai kuma tarihin sana'ar kanta a jikin waɗannan ƙarafa. Tayar ƙasa da nake magana, John Miller ne ya yi mata rajistar ƙirƙira a 1919, ita ce ta ba magina damar yin gangara mai tsauri ba tare da tarago ya bar dogo ba. Kafin ita jirgi a cikin kwarin katako yake tafiya, tayoyin gefe na tokare shi, nauyinsa kaɗai ke riƙe shi ƙasa. Wanda yake son ganin wannan tsohon tsari sai ya nufi Leap-The-Dips a Lakemont Park da ke Altoona, wanda aka gina a 1902, tsayinsa bai wuce mita 12 da 'yan kai ba, gudunsa kamar na mai keke. An rufe shi a 1985, ya kusa ruɓewa, aka sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasar Amurka a 1996, aka tara kuɗi aka gyara ya koma aiki a 1999. A 2024 kuma ya sake tsayawa, wurin ya ce ba zai kunna jiragensa a wannan shekara ba. Takardar gwamnati tana iya hana katapila, amma ba ta taɓa ɗaure noti ko ɗaya ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi tsana, wato a rufe jirgi a bar shi tsaye. Thunderbolt na Coney Island, wanda aka gina a 1925, ya daina aiki a 1982, ya tsaya shekara 18 ciyayi na hawansa har aka rushe shi a Nuwamban 2000. Big Dipper na Geauga Lake a jihar Ohio, shi ma ɗan 1925, ya tsaya daga 2007 zuwa 2016 ana ta za a yi za a yi. Masu ɗaukar hoto suna son irin wannan kufai, ni kuwa in na gani cikina ke juyawa. Jirgin katako da ba ya gudu ya fi mai gudu saurin mutuwa, domin ranar da ya tsaya ranar ake daina bin sa da guduma. Shekarar farko ana iya tayar da shi. Zuwa ta biyar sai dai a sake gini. Zuwa ta goma ko gutsuren kirki ba za a samu ba, taragai sun cika da ruwa, ɓarayi sun kwashe tagulla, yara masu tsallake shinge suna hawa ruɓaɓɓen katako da dare. In kun san ba za ku tayar da shi ba, ku yanke shawara da wuri, ku ciri abin cira yana da lafiyarsa.

In kuma kun ajiye, to kun ɗauki sabon nauyi, ku san da haka. Alton Towers ta Ingila ta yi abin a yaba da ta rufe Corkscrew a 2008 bayan ya yi aiki tun 1980: ta ɗauki murɗaɗɗen dogon nan nasa ta kafa a bakin ƙofar shiga, duk mai shigowa sai ya gan shi. Irin wannan gutsure dole ya shiga jadawalin duba kamar jirgi mai rai. Dogon ƙarfe bututu ne, in ba a huda masa mafitar ruwa ba daga ciki zai ci tsatsa, fenti yana ƙyalli a waje. Mutane suna tsayawa ƙarƙashinsa suna hoto, yara suna maƙalewa. Na taɓa ziyartar wani wuri inda aka mai da tsohon tarago tukunyar furanni, aka cika shi da ƙasa ana ba shi ruwa safe da yamma. Niyya mai kyau ce. Da na leƙa ƙasansa na ga gindin ya ɓule, saiwa ta fito ta ramin, ƙarfen yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Babu ko ɗan allon da zai gaya wa mai wucewa sunan jirgin da shekarun da ya yi. Da a yi wa abu irin wannan riƙo gara a ba wanda zai kula da shi.

Masu kula kuwa suna nan. Ƙungiyar American Coaster Enthusiasts tun 1978 take wannan fafutuka, kuma akwai gidan adana kayan jiragen gangara a Plainview ta Teksas da ke karɓar taragai da zane-zane da takardu. A San Diego mutanen gari ne suka tsaya kai da fata a kan Giant Dipper na 1925 bayan an rufe shi a 1976, har ya dawo aiki a 1990. Na san waɗannan mutane suna da naci, wani lokaci har su gundure ku da wasiƙu, ga shi ni ma na shiga layinsu. Amma mutumin da zai zo da motarsa ya ɗauke muku abin da kuke shirin biyan kuɗi a zubar, bai cancanci a rufe masa ƙofa ba. Takardu kuma kada ku tara su wuri ɗaya. Gobarar da aka tayar a Dreamland ta Margate a Afrilun 2008 ta ci wani ɓangare na Scenic Railway na 1920, jirgin da ya fara shiga rajistar gine-ginen tarihi a Birtaniya a 2002, ta haɗa har da rumfar da taragansa na asali ke ciki. An sake gina dogon ya buɗe a 2015, amma taragan da suka ƙone sun tafi ke nan. Yau da na'urar ɗaukar hoton takarda take a kowane ofis, rajistar shekara talatin aikin 'yan kwanaki ce ga ma'aikaci ɗaya.

Wani abin ma ba ya shiga kwali. A Luna Park ta Melbon, kan Scenic Railway na 1912, da Tivoli ta Kopenhegen, kan Rutschebanen na 1914, har yanzu mutum ne yake hawa cikin jirgi yana riƙe da hannun birki, yana auna gudu da jikinsa, ya san bambancin ranar ruwa da ranar rana, da jirgi cike da jirgi rabi. Daga hannu zuwa hannu wannan ilimi ya iso yau. Kafin ku sallami tsofaffin ma'aikatan jirgin da za ku rufe, ku zaunar da su gaban na'ura su yi magana ko ta awa biyu ce.

Ko harsashin kankare kada ku yi saurin fasa shi. Busch Gardens ta Williamsburg ta rufe Big Bad Wolf a 2009, da ta gina Verbolten a 2012 sai ta bi sawun gangararsa ta ƙarshe zuwa bakin ruwa, ta yi amfani da tsofaffin harsasan. An rage kashe kuɗi, wanda ya san tsohon kuma yana jin sa a ƙarƙashin sabon.

Saura maganar sallama. Kings Island ta sanar tun a Satumban 2019 cewa Vortex na 1987 zai yi gudunsa na ƙarshe a ƙarshen Oktoba, mutane suka yi ta tururuwa, daga baya ma aka yanka dogon ƙanana aka sayar wa masu so. Pleasure Beach ta Blackpool kuwa ta kwance Wild Mouse na 1958 lokacin hutun hunturu, sai a Janairun 2018 jama'a suka ji, bayan aikin gama ya gama. Ban san lissafin da ke nuna hanya ta biyu ta fi ta farko riba ba. Akwai dattijon da a kan wannan jirgi ya fara sanin tsoro yana ɗan shekara tara, yana jiran jikarsa ta kai tsayin sandar awo ya hau da ita. Wata ɗaya kawai yake buƙata daga gare ku.

Littattafan nan biyu suna nan cikin leda a saman kabad, tayar kuma ina danne takardu da ita. 'Ya'yana sun riga sun gaya mini, cikin raha amma da gaske suke, cewa ranar da ba ni za su rasa inda za su kai su. In akwai wani a cikinku da ya ware ɗan ɗaki a wurinsa don irin waɗannan kaya, ya aiko, zan ba shi duka ukun kyauta. Sharaɗina biyu ne: a sa su inda rufi ba ya yoyo, kuma kada a kulle tayar cikin gilashi, a bar yaran gareji su riƙa ɗaukar ta a hannu.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya tsare ku da fasinjojinku.

Naku,
Tsohon makanike, sashen gyara.